Fitilun Sallah a Zauren Kakanmu

Ina kunna fitilun, rabin mutanen garinmu Zakka suka hallara a ƙofar gidanmu.

Gidan ginin ƙasa ne, kakan kakanmu ya gina shi tun kafin Turawa su shigo Katsina. Jajibirin Sallah na taho da fitilun ado 'yan sola, aka zagaye zauren da su. Sun haska komai kuwa, har da tsagar da ta raba bangon daga indararo zuwa ƙasa.

Malam Ilu, abokin wasan Baffa mai gidanmu, ya leƙa tsagar ya ce, "Alhaji, sabuwar ƙofa ka yi wa awaki?"

Aka bushe da dariya. Baffa ya jawo ni gefe.

"Uwata, kashe abin nan."

"Baffa, ai ado ne."

"Ado? Da rana mutane na kawar da kai don kara. Ke kin kunna wuta kin gayyato su kallo!"

Washegarin Sallah sai ga gayya ana kwaɓa ƙasar gyaran bangon. Na sha yi wa Baffa lacca kan adana tarihi, ashe dariyar Malam Ilu yake jira.

Ku ma dattawanku sai an yi musu dariya suke gyara?