Baba Disa Bai Yarda Mota Ta Dawo Fanko Ba

Ina cikin layin shingen bincike, na taso daga kudu da tirela babu ko buhu ɗaya a ciki, sai ga wayar Habu ɗan Baba Disa: "Yaya Sale, Baba ya cika." Na yi salati, na sauka na roƙi masu shingen su duba ni in wuce. Aka ce in koma mota. Ko da na shigo Potiskum an dawo daga maƙabarta. Wallahi abin nan yana ci mini rai.

Baba Disa fatoma ne a kasuwar shanu, shi ya tsaya mini na samu tuƙi. A zaurensa masu shanun Nijar ke sauka, nan ya haɗa su da 'yan kasuwar kudu. Mu kai shanun Alhaji Isufu mutumin Nijar kudu, mu ɗauko manja da garin rogo daga wurin Mama Ngozi 'yar kasuwar can, rabi a sauke a nan, rabi ya wuce Nijar, kuɗin mota a raba. Nama ya yi sauƙi can, manja ya yi araha nan. Yakan ce, "Motar da ta dawo fanko, mai cefane ne ke biyan kuɗin man da ta sha." Shi ya sa kafin ya amsa gaisuwata sai ya tambaya, "Sale, me ka ɗauko?"

Da fitina ta zo, shingaye suka cika hanya. Sa ya durƙushe a mota kana kallo, ba halin sauke shi. Ba mu ƙi bincike ba, mu ma mun binne namu. Abin da dattijon nan ya roƙa kaɗan ne: a duba kaya sau ɗaya wurin lodi, a bar dabba ta isa da ranta. Ofis-ofis ya bi da sandarsa. A ba shi kujera, a ba shi ruwa, a ce za a duba. Haba! Har Mama Ngozi ta kwashe ta koma garinsu, Alhaji Isufu ya sauya hanya, ba a duba ba.

Tun daga kudu nake saƙa yadda zan dubi idonsa in ce ban ɗauko komai ba. Allah bai nufa ya ji ba.

Allah Ya jiƙan Baba Disa, Ya yalwata masa kabari, Ya ba matarsa Hajiya da su Habu haƙuri. Allah Ya buɗe mana hanyar da ya mutu yana roƙon a buɗe.