Kwalba Biyu, Magani Ɗaya

Ko yau aka tashe ni daga barci aka tambaye ni abin da ya fi ɗaure mini kai a rayuwar aiki, labarin kwalba biyun nan zan bayar, don ba zai taɓa fita raina ba.

Soja ba su daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba, baƙi daga ƙasashen waje suka fara leƙo mu. Lokacin ina aiki a wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a Katsina, wanda rabin na'urorinsa sun mutu. Wani kamfanin Turawa mai binciken sababbin magunguna ya ce yana neman abokan hulɗa. In muka kawo maganin gargajiya da ya yi aiki a gwaji, za su zuba kuɗi, su gyara mana ɗakin, a ci gaba da binciken tare.

Ni da rawar kai na ce ina da shi. Gwaggona a Ƙofar Kaura tana dafa wani jiƙo na zazzaɓin cizon sauro, baƙi ƙirin, ga ɗaci ga wari. Na ɗebo a tukunyarta ba tare da wani dogon bayani ba, muka aika. Amsa ta dawo cewa ya kashe ƙwayoyin cutar. Shugabanmu har rungume ni ya yi. Sharaɗi ɗaya ya rage: mu aika kwalba ta biyu, in sakamakon ya maimaitu a sa hannu.

Na koma na yi wa Gwaggo bayani da kyau, har da cika baki. Na ce manyan baƙi ne daga ƙasar Turawa suke son maganinta.

"Manyan baƙi hwa?" ta ce. "To ka dawo jibi."

Jibin na karɓa na aika. Amsa ta zo: ba ya aikin komai.

Nan kaina ya kulle. Shugabanmu ya kira ni gidansa a GRA ya ce, "Malam, faɗa mini gaskiya, ƙwayar asibiti ka daka a kwalbar farkon?" Na rantse, amma na ga bai gamsu ba. Na zargi zafin hanya, na zargi kwalbar, na zargi Turawan da son sace sirrin. Har kaina na fara zargi. Na sake tambayar Gwaggo ko maganin nan ne dai, ta ce, "Shi ne mana, ina da wani?" Kamfanin ya jira mu ya gaji, ya kai kuɗinsa wata ƙasa.

Bayan watanni zazzaɓi ya kayar da ni, Gwaggo ta zaunar da ni gefen murhu tana dafa mini. Na ga ta jefa wata saiwa, wari ya turnuƙe tsakar gidan. Sai a lokacin na tuna kwalba ta biyu ƙamshi take yi.

Na ce, "Gwaggo, na Turawan nan kin sa wannan?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Mi? Mutane su aiko tun daga uwa duniya in ba su abu mai wari? Cire ta na yi, na sa zuma da kanumfari. Kai ba ka san mutunci ba, ɗan nan?"

Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka. Ba ta yi mini ƙarya ba. A wurinta magani ɗaya ne, na baƙi ne kawai aka gyara. Haushinta ban ji ba, na kaina na ji. Na cike wa Turawa takardu shafi-shafi, amma ban taɓa zama minti goma na ga abin da ke shiga tukunyar ba.

Ɗakin gwajin an rufe shi tuntuni. Abin da na koya shi ne, in za ka tsaya tsakanin masu ilimi biyu, fara sanin naka na gida kafin ka kai tallarsa waje. Har Gwaggo ta rasu tana alfahari da cewa ta karrama baƙin nan, ni kuma ban iya gaya mata abin da karramawar ta jawo ba.