Faifan da Ya Iso wa Baba Sanda a Makare

Ina tashar batobis, jirgin ruwan fasinja, ta unguwar Treichville da safiyar Talata, ƙafata ɗaya ta riga ta hau jirgin, sai wayata ta yi ƙara. Inna Hadiza ce, matar Baba Sanda, tsohuwar da ba ta taɓa kirana da hannunta ba, sai dai ta sa a kira mata. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Bala, babanka ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu, kuma can za a tattara mu. Na janye ƙafata na koma baya. Mai karɓar tikiti ya fara yi mini faɗa da Faransanci wai na tare hanya, da ya dubi fuskata sai ya sassauta murya ya ce, "Yako, patron," wato sannu da rashi irin na mutanen ƙasar nan.

Duk wanda ya taɓa sayen kwado ko makulli a kasuwar Adjamé ya san Baba Sanda. Mutumin Tawa ne ta Nijar, dogo, mai ɗan rankwafawa, ya fi shekara arba'in a rumfa ɗaya. Ba mahaifina ba ne. Ni ɗan Jibiya ne, na bar makaranta a aji uku na sakandare, na sauka Abidjan da jaka ɗaya da takalmin roba. A yau ina da shaguna, kwantenoni suna sauka da sunana, kuma na saba faɗa a bainar jama'a cewa ban gaji ko allura ba, babu wanda ya yi ni sai Allah. Gaskiya ne ban gaji allura ba. Amma akwai suna ɗaya da nake tsallakewa idan ina wannan cika bakin, shi ne na mutumin da ya bar ni in kwana a rumfarsa, kuma a kwana na uku ya miƙo mini makullin rumfar bai ko san sunan ubana ba. Da na tambaye shi ko ba ya tsoron in gudu da kaya, sai ya yi dariya ya ce, "Kwado don mai kunya ake yin shi. Ɓarawo da gudumarsa yake zuwa."

Ban iya rubutu irin na malamai ba. Na ɗauki alƙalami ne saboda akwai maganar da aka daɗe ana yi a kan wannan bawan Allah a ƙasa-ƙasa, kuma ina so a ji ƙarshenta daga bakin wanda ya taya yin ta.

A shekarar rikicin da kowa a garin nan yake tunawa, lokacin da ake fasa shaguna ana bin gidaje, maƙwabciyarsa a gidan haya na Bromakoté, Hajiya Rabi mai atamfa, ta kawo masa gwalagwalanta. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya ce, Zuwaira, kuma don ita ta tara su. Ta ce za su gudu, ya ajiye mata. Baba Sanda ya zuba su a tukunyar dalma mai murfi, ya binne a tsakar gida, taku uku daga gindin mangwaro. Bayan kwanaki shi ma ya kwashi iyalinsa ya tafi gida Nijar. Da ya dawo bayan wata takwas, ya tarar mai gidan ya sare mangwaron, ya sa an zuba jar ƙasa da ɓaraguzan gini a tsakar gidan gaba ɗaya don maganin ambaliya. Tsakar gidan ta ɗaga, alama ta ɓace. Ya haƙa inda yake zato, babu. Ya haƙa gefe, babu. Mai gida ya ce kada ya sake mayar masa da gida gona.

Hajiya Rabi ba ta taɓa zarginsa ba har ta koma ga Allah. Amma mutane sun zarge shi a madadinta. A majalisarmu ta bakin masallaci, yana wucewa wani zai ɗaga murya, "Baba Sanda, har yanzu ƙasa ba ta yi aman zinarin ba?" Sai a kwashe da dariya. Shi kuwa ya tsaya ya gaida kowa da sunansa, ya ce, "Ƙasa ba ta cin amana. Mu ne muke mance inda muka ajiye." Wasu da suka saba ba shi ajiyar makullan shagunansu in za su yi tafiya suka daina, ba tare da sun ce komai ba. Wannan ya fi dariyar yi masa ciwo, Inna Hadiza ce ta gaya mini daga baya.

Shekaru uku da suka wuce ya sayi na'urar gano ƙarfe ta hannu wajen wani mai kayan gwanjo: sanda ce mai faifai a ƙasa kamar murfin kwano, da abin sawa a kunne. Ya lallashi mai gida har ya yarda, bisa sharaɗin duk ramin da ya tona ya cike shi kafin azahar. Kowace safiya bayan ya karya, kafin ya tafi rumfa, sai ka gan shi yana shara da ita a tsakar gida tsakanin igiyoyin shanya da murhunan mata. Ya tono ƙusoshi, marafan kwalba, cokula, har da tsohon kwadon da ya ce shi ya sayar da shi. Tukunya kam babu, don faifan ƙarami ne, jinsa bai wuce taƙi ɗaya cikin ƙasa ba.

Na je na same shi na ce, "Baba, wannan abin kunya ya isa. A tambayi Zuwaira abin da ke ciki, in saya mata sababbi, a rufe maganar." Ya cire abin kunnen a hankali ya dube ni. Bai taɓa kirana Alhaji ba, ko bayan na je Makka sau biyu. Ya ce, "Bala, in ka saya mata, ka tabbatar musu ke nan na ci. Zinari za ka iya saye. Sunana fa, a wace kasuwa shike?" Na fita raina a ɓace, don ban saba a mayar mini da kyauta ba. Da yammacin ranar a majalisa aka tayar da zancen, aka ce, "Alhaji Bala, kai ka fi kowa saninsa, me ka gani?" Ni kuwa na gyara zaman hula na ce, "To, mutum tara yake bai cika goma ba." Kalmar da na faɗa ke nan. Na san ta kai kunnensa kafin magariba, don a Adjamé magana ta fi tasin woro-woro sauri. Bai taɓa ɗaga mini ita ba. Washegari ma ya aiko mini da fura.

Abu ɗaya ya taɓa roƙona a tsawon zamanmu. Da zan tafi Sin sayen kaya bara, ya zo har shagona a Treichville, ya ciro wata takarda da aka zana masa, ya ce an gaya masa akwai babban faifai da ake ɗaura wa irin na'urarsa, mai jin abin da ke can ƙasa. Ya ƙara da cewa mai gida ya sayar da gidan, za a rushe a yi bene bayan damina. Na ce ya bar mini. Na sayo mafi girma da na samu, kamar farantin cin abinci na taro, don ni ba na sayen ƙaramin abu. Zai shiga akwatina, na gwada ma ya shiga. Amma na cire shi na sa turaruka da shaddodin tsaraba a wurin, na ce a jefa shi cikin kwantena tare da sauran kaya. A raina na ce, tukunyar da ba a tabbatar tana nan ba, me ake ci na sauri? Kwantenar ta yi wata uku a teku, ta yi wasu makonni a tashar jiragen ruwa. Duk Juma'a bayan an sauko sai ya matso kusa da ni ya ce, "Bala, ruwa bai kawo ba?" In ce, "Saura kaɗan, Baba."

Ranar da na kai masa, na gan shi ya rame, yana tari. Ya zauna a kan tabarma ya kwance ƙaramin faifan ya ɗaura babban, bai yarda na taya shi ba. Ya miƙe, sai nauyin ya ja kafaɗarsa ƙasa. Inna Hadiza ta yago bakin tsohon zani ta ɗaura masa daga wuya zuwa sandar, tana cewa, "Malam, wannan ai sai ka ce tiren mai talla." Matan gidan suka bar wanki suka kewaye mu. Ya kunna. Abin ya kama ihu ko ta ina, gabas ihu, yamma ihu, don babban faifai yana jin kowace ƙusa da kowane guntun rodi a lokaci guda. Mata suka fashe da dariya. Ni na ji kunya, na fara zagin wanda ya sayar mini, ina cewa an cuce ni.

Baba Sanda ya kashe na'urar ya ce, "Ba a cuce ka ba. Kunnensa ne ya yi yawa. Sai an share masa hanya." Ya sa aka kawo igiya, ya raba tsakar gidan gida-gida kamar fangalin lambu. Kowane fangali sai ya fara bi da ƙaramin faifai ya tsince tarkacen sama, sannan ya canza ya ɗaura babban, ya bi a hankali, idonsa a rufe. Ya sa mini abin kunnen sau ɗaya ya ce, "Saurara. Na kusa shi ke ihu. Na zurfi raɗa yake yi. Mai raɗa muke biɗa." Fangali biyu yake iya yi a rana kafin numfashi ya gagare shi. Kwana tara ya yi da faifan nan. Da a akwati na sako shi, da wata huɗu ya yi.

Mun kai shi maƙabartar Williamsville bayan la'asar. Na shiga cikin masu karɓarsa a kabari. Da aka fara mayar da ƙasa sai maganarsa ta faɗo mini, cewa ƙasa ba ta cin amana. A wajen zaman makoki an yi ta yabonsa, an ce mai haƙuri ne, mai zumunci, ba ya fashin jam'i. Na kasa kunne ko wani zai ce mai amana. Babu wanda ya faɗa.

Washegarin sadakar bakwai na koma Bromakoté da hantsi. Igiyoyinsa na nan yadda ya bar su, fangali biyar suka rage, ta wajen bakin famfo. Inna Hadiza ta miƙo mini na'urar da tsumman zanin a jiki. Na aika aka kira Zuwaira. Ita haifaffiyar nan ce, Hausarta a gauraye take. Ta ce, "Tonton," wato kawu, "don Allah, pardon, ka bar shi haka. Ni na yafe, maman ma ta yafe." Na ce, "'Yata, wannan yafewar ce ba ya so."

Na yi yadda ya koya mini, ƙarami tukuna, sannan babba. Fangali na farko ƙusoshi. Na biyu gwangwanin sardin. A na huɗu, bayan na tsince saman, na ɗaura babban faifan na rufe ido, sai na ji wata 'yar ƙara can ƙasa-ƙasa, mai faɗi, da kyar kunne ke kama ta. Na cire babbar rigata na ɗauki diga da kaina. Rabona da riƙe diga tun ina saurayi. Na wuce jar ƙasa, na wuce ɓaraguzai, na isa baƙar ƙasa ta asali, na ci karo da ruɓaɓɓen saiwar mangwaro. Ramin ya wuce gwiwata lokacin da bakin digar ya daki murfi.

Ban buɗe ba. Na aika majalisa aka kira su duka, har da mai tambayar aman zinari, aka kira liman. A gabansu Zuwaira ta kwance wayar da aka ɗaure murfin da ita. Leda uku Baba Sanda ya naɗe su a ciki: sarƙoƙi, awarwaro, 'yan kunne. A sama akwai 'yar takarda cikin kwalbar magani, da ajaminsa: "Na Hajiya Rabi ne, amana." Zuwaira ta ɗaga wani ɗan kunne ta ce, "C'est pour maman," wato na mamanta ne, ta zube a bakin ramin tana kuka. Inna Hadiza ba ta yi kuka ba. Ta dubi mazan nan ɗaya bayan ɗaya, ta zo kaina ta tsaya, ta ce, "Kwana biyu ya rage masa, Bala." Ta shige ɗaki.

Kwana biyu. Ni na san inda kwanakin suka tafi, suna cikin kwantena a kan teku. Na san kwana ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kuma abin da Allah Ya rubuta ba ya kuskure. Amma Allah bai rubuta mini in ce mutum tara yake ba, ni na zaɓi in faɗa. Don haka nake roƙon duk wanda ya ji waccan magana daga bakina, ko ya ɗauke ta ya kai gaba, ya ɗauki wannan ma ya kai inda ya kai ta farko: Baba Sanda bai ci amana ba. Kuma shi ne ya yi ni, bayan Allah.

Ya Allah, ga bawanka Sanda mun ba ƙasarka ajiya. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi, Ka tashe shi cikin amintattu. Ka jiƙan Hajiya Rabi da ta tafi ba ta munana masa zato ba. Ka ba Inna Hadiza da 'ya'yansa na nan da na Tawa haƙurin wannan rashi, Ka zama gatansu. Ka sa wa Zuwaira albarka a abin da uwarta ta bar mata. Mu kuma da muka yi dariya a bakin masallaci, Ka sanya shi ya yafe mana ranar da za mu tsaya gabanka, ni ne na farko a layin. Amin.