Tasar Ɗan Holan da Fadamar Bakin Gulbi

A Gummi, shekarar da na shiga sakandare, an yi wani maraicen da babu wanda ya iya zama wuri ɗaya a gidanmu. Baba yana ta kai da komo tsakanin zaure da rumbu. Washegari zai kai ƙara gaban hakimi kan wata fadama a bakin gulbi. Mahaifinsa ne ya fara sare itatuwan wurin da gatari don shaida, sannan ya tafi fatauci ya bar shi daji. Bayan shekaru wani Mamman Dogo ya share, ya shuka shinkafa, ya kafe.

Ni kuwa ina gefen murhun kakata, Inna Hajo, mahaifiyar Baba, ina haddar tarihi da ƙarfi: mutanen Holan ne suka fara ganin gaɓar Ostireliya, suka zana ta a taswira, amma Ingila ce ta kafa tuta.

"Angona, mi kaka ta gunguni kamar mai tsubbu?" in ji ta. Na yi mata bayani da ƙasaitar ɗan aji ɗaya. Ta tura kara cikin wuta, ta ce, "To ga ta nan, ku tare ta."

A bakinta, Ɗan Holan ɗan kasuwa ne mai dogon hanci. Ya tuƙa jirgi har ƙarshen ruwa, ya shinshina gaɓa, bai ji ƙanshin kanumfari ba. Sai ya rubuta sunansa a tasa, ya kafe ta jikin gungume, ya juya. Ɗan Ingila ya zo can baya, yana bin zanen Ɗan Holan, ya soka tsumma a sanda ya ce ƙasa tasa ce. Suka yi ta musu, wannan da tasa, wancan da tsumma.

Baba ya tsaya cak. "Inna, ai mai tasa ka da gaskiya. Shi yaf fara zuwa."

"Awo? To hayaƙin da sunka hango daga cikin jirgi, wa yah hura wutar?"

Littafina ma bai tanadi wannan tambaya ba.

"Fadamar ga da kaka ma zarya," ta ce wa Baba, "rugarmu ta. Can anka yanke min cibi. Tsamiyar da ubanka yas sara, innata na kwance ƙarƙashinta. Da gatari yaz zo, ya iske shanu, ya ce bai ga kowa ba. Sai ni da yag gani."

Muka yi dariya, ban da Baba. Da safe ya fito da kekensa, ya yi ta ba taya iska har na ce za ta fashe, sannan ya jingine shi, ya ɗauki fartanya ya nufi gonar tudu. Fadama ta zauna hannun Mamman Dogo.

Yau ni ke koyar da darasin. Ina raba allo biyu: Holan ta fi gwanintar zane, Ingila ta fi naci wajen riƙo, kuma ina ba da maki a kan haka, don abin da jarrabawa ke tambaya ke nan. Na daɗe ina ƙullace da tsohuwar, cewa tatsuniyarta ta ci mana shinkafar shekara da shekaru. Sai da na girma na lura ko sau ɗaya ba ta ce a mayar mata da wurin ba. Abin da ba ta so kawai shi ne ɗanta ya tsaya gaban mutane ya rantse cewa babu kowa a can.