Ganyen Darbejiya a Cikin Fayil

Har gobe, in na ji ƙanshin busasshen ganyen darbejiya, ofishin Baba nake tunawa. Shi ne mai kula da ɗakin fayil a wani ofishin gwamnati da ke Bompai, inda ake ajiye takardun filayen mutane. Kafin kowace damina yakan sa mu tsinko ganyen, mu shanya, ya bi fayil ɗaya-ɗaya yana cusawa saboda gara.

Ka san lambobin da ke jikin fayilolin sun daɗe da gogewa. A kan Baba kaɗai tsarin yake. In zazzaɓi ya kwantar da shi, aikin ofishin ma ya kwanta. Abin da ke hana shi sukuni ke nan: ranar da ya faɗi, hujjar gonar Goggo ta Challawa, wadda masana'antu suka riga suka sa a tsakiya, ta bi shi kabari, tare da ta dubban mutane.

Kowace shekara sai ya rubuta takardar neman kuɗin kwamfuta, kowace shekara a amsa masa da ladabi cewa a jira kasafin baɗi. Da baɗin ta ga dama ta zo, aka kawo guda uku, aka manta da kuɗin wuta da na koyarwa. Aka lulluɓe su da zani, masinja yana share musu ƙura.

Goggo takan ce, “Yaya, su waɗannan amaren naku yaushe za a buɗe musu kai?”

Bara aka saki kuɗin gaske, har da sola da horar da ma'aikata. Sai dai an rasa mai gane ɗakin, dole aka aiko wa Baba, ga shi ya daɗe da yin ritaya, ido ya yi rauni. Ni na kai shi a adaidaita. Ya zauna kan benci yana faɗa, wata ma'aikaciya tana ɗaukowa tana ɗaukar hoton kowane shafi.

Na ce, “Baba, ta Challawa fa, ina kuka sa ta?”

“Kanta ta uku, 'yata, ƙarƙashin mai jan zare.”

Takardar Goggo ta fito a fuskar kwamfuta, da tabon ganye a gefenta. Na karanta masa. Ya gyara hula.

“Alhamdu lillahi. Yanzu ni ma ina da ikon mantuwa.”

Da sauran kantoci da yawa, kuma sola ma tana son kuɗin gyara. Amma bana ba wanda ya aike mu tsinko ganye.