Sharar Da Wak Jamlan Yake Gadi

A tsibirinmu, Pulu Selma, mutum yana haihuwa sunansa ya ɓace. Ni Mak Rosni ake ce mini, wato uwar Rosni, don Rosni ce 'yata ta fari. Maƙwabcina kuwa Allah bai ba shi haihuwa ba, shi ya sa har furfura ta cinye masa kai Wak Jamlan muke kiransa, kamar a ce Kawu Jamlan. Matarsa ta rasu, danginsa suka kwashe zuwa Ostiraliya, ya rage daga shi sai kwalekwalensa da wata bukka da ya gada a Pulu Atas, tsibirin da ke kudu da mu.

Mutum ne mai tsabtar tsiya. Ganye ɗaya ya faɗo masa a tsakar gida, sai ka ji tsintsiya. Nakan leƙa ta katanga in ce, "Wak, wai wa zai zo ne?" Ya ce, "Ke dai ji da naki gidan, Mak Rosni, kaji ma sun raina shi." Mu yi dariya, amma ni da shi duk mun san ba mai zuwa.

Bayan bukkar nan tasa akwai gaɓar da ke kallon babban teku. Nan iska take jibge mana sharar ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba: silifas wari-wari, robar ruwa, buroshin haƙori, guntayen raga. Wata shekara sai ga wata ƙungiya ta masu binciken robar teku, wata doguwar Baturiya mai suna Merrin ce shugabarsu. Suka ɗauki Wak ya riƙa hayewa da su can a kwalekwalensa. Suka kafa turaku a gaɓar, suka tsince duk abin da ke tsakani, suka ware, suka auna.

Wallahi a makonnin nan sai ka rantse an sake shi. Ya gasa musu kifi, ya fasa musu kwakwa, ya koya musu cin shinkafa da hannu yana yi musu tsiya. Tunda matarsa ta rasu ban ƙara jin ya ƙyalƙyale da dariya ba sai lokacin. Ranar tafiya Merrin ta ce masa baɗi suna nan dawowa. Shekarar nan kaf, ko a ƙofar masallaci ba shi da wata hira sai ta "baƙina".

Da labari ya zo sun kusa, ya yi abin da kowannenmu zai yi. Mu a nan baƙo ba ya tarar da ƙazanta a ƙofarka, abin kunya ne har ga jikoki. Ya tare a Pulu Atas da manjagara da buhuna, ga ciwon baya, ya kwashe gaɓar nan tas, ya yi ta jigila zuwa juji. Su ba su taɓa zaton wani zai share inda ba kowa ba, balle su hana. Shi kuma bai taɓa zaton mutum zai ƙetaro teku don ya ga bola ba.

Ina wurin ranar, ni ya roƙa in dafa musu. Merrin ta zagaya bayan bukka ta tsaya cak, rairayi fari fes.

Ta ce, "Wak, ina sharar?"

Ya gyara hula, yana ta murmushi. "Na kwashe mana! Ku taso daga uwa duniya in bar ku ku taka ƙazanta?"

Sai ta zauna a ƙasa. A hankali ta yi masa bayani: sun share bara ne don su dawo su ga abin da teku zai kawo a shekara guda, abin da suka zo aunawa ke nan. Da ta yi masa faɗa ma da ya fi sauƙi. Godiya ta yi ta yi masa, tana cewa ba laifinsa ba ne. Na ga murmushin nan ya bushe a fuskarsa, ni kaina sai da na juya baya. Kashegari suka koma aiki a wata gaɓa da mota take zuwa, ba sa bukatar kwalekwale. Da za su tafi ta ce in hali ya yi za su sake gwadawa a tasa.

Tun daga ranar ko tsinke bai ƙara ɗauka tsakanin turakun nan ba. Masu aikin gayya suka je da buhuna, ya koro su da sanda. Mutumin da ganye ke hana shi sukuni, yau shara ta kai masa ƙwauri a bayan bukka, yana zaune yana gadinta. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Abin yana ci mini rai, na rasa yadda zan yi da shi.

Kwanan baya Rosni, da take aiki a filin jirgi, ta ce mini mutanen sun zo, sun yi aikinsu a waccan gaɓar, har sun tashi. Na ce gara ya ji daga bakina. Na sa aka haye da ni, na same shi a bayan bukka, na gaya masa ba tare da kwana-kwana ba.

Na ce, "Haba Wak, ya isa haka. Tashi mu kwashe, ka dawo cikin mutane."

Ya juya ya kalli ruwa. Ya ce, "Ƙila ba su san na bari ba. Ki ce wa Rosni in sun sake zuwa ta gaya musu ban taɓa komai ba."

Na buɗe baki zan yi magana, ya kalli ƙafata.

"Ɗan matsa baya, Mak Rosni," in ji shi. "Kina taka musu."