Ranar Da Muka Yi Wa 'Yan Landan Anko

A kyauta na same su. Na je Canal Street a nan New York sayen jaka, wani ɗan Maraɗi mai tebur ya ƙi rage mini ko sisi, muka yi ta ja har na juya zan tafi. Sai ya laluba ƙarƙashin teburin ya zaro wani faifan CD mai tsagaggen kwali, ya ce, "To Hajiya, ga kado, kyauta na ba ki, a bar maganar ragi." Na tambaye shi waƙar su wa ce. Ya ce shi ma bai sani ba, tun da ya karɓi teburin yake ganinsa, ba wanda ya taɓa ko ɗaga shi.

Na kunna shi a gida ina yankan albasa. Mutum bakwai ne 'yan Landan, baƙaƙe da farare a gauraye, da ganga da jita da masu busa biyu. Kiɗan irin wanda ake ce wa fonk ne, amma an kwantar masa da hankali. Jitar nan mai ƙatuwar murya tana tafe a ƙasa ba gaggawa, mawaƙin kuma ba ya ihu, lallashi yake yi. Ni da ko a gidan biki sai an ja hannuna nake tashi, sai ga ni ina taka rawa da wuƙa a hannu. Maigida ya leƙo kicin ya ce in ajiye wuƙar tukuna.

Abin da ya riƙa ƙona mini rai shi ne ba wanda ya san su. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, kuma duk gidan da na shiga sai na tambaya. Har wata tsohuwa haifaffiyar Ingila da nake yi wa wanka ta ce ba ta taɓa jin sunansu ba. Na ce a raina, an yi asarar zaman Ingila.

Daga baya na gano suna zuwa New York duk shekara lokacin zafi, su yi wasa ɗaya tak ranar Lahadi da yamma, a wani ƙaramin zaure da ake sauka ta matakala a Manhattan. Sai in yi la'asar in hau jirgin ƙasa mai lamba shida daga unguwarmu Parkchester. Zuwana na farko, mai tsaron ƙofa ya dubi gyalena ya tambaye ni ko ɓata na yi. Na nuna masa tikiti.

Ciki kuwa tsirarun mutane ne, yawancinsu masu sanƙo da furfura, kowa ya riƙe kofinsa yana kaɗa kai. Amma su bayin Allahn nan sai su zage kamar an cika filin ƙwallo. Mai ganga ya jiƙe sharkaf, masu busa su kumbura kumatu har ka tausaya musu. Shekara uku ina zuwa, ina tsayawa a gaba ta hannun hagu, kusa da mai babbar jitar, inda kiɗan ke shigar mutum ta tafin ƙafa.

In an tashi, mawaƙin da kansa yake tsayawa bakin ƙofa yana sayar da faifansu. Dogo ne siriri, da tawul a wuya. Ya gane ni, don ba wuya a gane ni a wurin. A shekara ta ukun ne ya gaya mini mai zauren ya ce baɗi in wurin bai cika ba, to a yi haƙuri da juna, kuma ba su da wani wurin a garin nan. Yana faɗa yana dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Baƙo ya ƙetaro teku ya zo garinku ya tarar da kujeru, ai kunyar ta 'yan gari ce.

Da na gaya wa maigida, direban tasi ne kuma ba ya son doguwar magana, sai ya ce, "To ke ce magajiyar New York ɗin?"

Ni hanya ɗaya na sani ta cika wuri da mutane. Da lokaci ya matso na sayi alewa da cingam na ƙulla a leda, irin yadda muke rabon gayyatar biki, na nufi unguwar Soundview wajen Hajiya. Hajiya 'yar Kumasi ce mai kantin atamfa, kuma a unguwannin nan namu inda ta sa ƙafa nan mata ke sawa.

Ta juya ƙullin alewar ta ce, "Bikin wa?"

Na ce, "Baƙi zan yi daga Landan, Hajiya."

"'Yan uwa ne?"

"Makaɗa ne."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ban ɓoye mata komai ba. Na ce da tikiti ake shiga, kuma ana sayar da giya a wurin. Ta ce giyar ai ba ɗura mana za a yi ba. Ta ce, "Ƙanwata, ranar sunan jikana ke kika tsaya kan tukwane har aka watse. Za mu fitar da anko."

Kore ne ankon, mai ratsin ruwan goro. Ranar wasan muka cika taragon jirgi guda, ɗaurin ɗankwali na gogar ɗaurin ɗankwali, ga kuloli a tsakanin ƙafafu. Mai tsaron ƙofa ya ce ba a shiga da abinci. Hajiya ta sa aka zuba masa shinkafa da wake da yaji irin na mutanen Gana, da ƙwai a sama. Dokar ta sauya.

Da makaɗan suka fito, mai ganga ya tsaya ya waiwaya baya, kamar mai shakkar ko zauren wasu suka shigo. Waƙa biyu na farko ba wadda ta saurara. Ana ta gaisawa, ana tambayar yara, wata ma tana tallar turaren wuta. Masu furfurar nan da suka saba da wurin suka takure a bango da kofunansu. Na ce a raina yau na tara wa kaina abin kunya.

A waƙa ta uku mai babbar jita ya fara shi kaɗai. Hajiya ta katse zancen da take yi, ta miƙa wa wata jakarta, ta gyara ɗaurin zani ta miƙe. Shi ke nan. Wata ta rangaɗa guɗa, masu busa suka amsa mata, ta sake, suka sake. Hajiya ta taka har kan dandamali da dala a hannu za ta yi liƙi, wani ƙato mai gadi ya taso a guje. Mawaƙin ya ɗaga masa hannu, sannan ya sunkuyo da kansa don Hajiya ba ta kai goshinsa. Haka ya ƙarasa waƙar da dala manne a goshi, bai san ana cirewa ba. Ni kuwa ina gaba ta hannun hagu ina kuka. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Mai zauren dai bai saki fuska ba, don lemo da ruwa kawai aka saya har suka ƙare. Amma wuri ya cika, kuma magana ya riga ya yi ta. Ya ba su baɗi, da sharaɗin nan dai na da.

Da shekara ta kewayo na sayi tikitina tun da wuri, ina shirin fara rabon gayyata. Sai ga Hajiya da kanta har gidana, ta hawo bene tana haki. Autarta za a aurar a can jihar Ohio, kuma ta sa ni cikin masu kai amarya. Ta faɗi ranar. Lahadin ce.

Na ce, "Hajiya, ai ranar ce makaɗan nan za su zo."

Ta ce, "Ayya, bayin Allah. Ki ce su ɗaga mana."

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na yi kwanaki ina neman mafita ban samu ba. Matar da ta kwashi jama'arta ta kai su cikin rami saboda ni, ba ta tambaye ni dalili ba, da wane baki zan ce mata ina da uzuri? Zumunta a ƙafa take. Kuma ko na ƙi zuwa, duk matan da suka cika mini zauren suna cikin motocin Ohio. Na miƙa wa maigida tikitin na ce ya je ya tsaya mini a gaba ta hannun hagu. Ya ce shi kiɗan nan ciwon kai yake sa shi. Na ce ya sha magani kafin ya fita.

Biki ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Mun kai amarya ɗakinta lafiya. Na dawo Litinin da rana na tarar da shi yana shan shayi, ko jakata ban ajiye ba na ce, "An cika?"

Ya ce, "Kowa dai ya samu wurin miƙe ƙafa."

"Sun ce wani abu?"

"Sun yi wa garin ban kwana. Sun ce sun gode."

Na zauna a hannun kujera. Ya kurɓi shayinsa, sannan ya ce, "Dogon nan ya yi ta leƙen ƙofa. Da aka tashi na je na ce masa ni ne mijinki. Ya ce ina kike, ina mutanenki."

"Me ka ce masa?"

"Na ce kuna wajen biki."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce a gaishe da amarya."